Dawar Gwaggo Dije a Ɗakin Gilashi

Ban taɓa ganin rana mai taurin kai irin ta ƙasar Beljik ba. Ranar da na sauka na yi la'asar a filin jirgi, na shiga jirgin ƙasa, na fito, na ɓace, na samu hanya, na sake ɓacewa, yunwa ta kama ni ta sake ni ta sake kama ni, amma rana tana nan tsaye bisa kaina kamar jandarman da ya tsare mota. Na ce a raina, Nomau, ka zo garin da aka kori magariba daga aiki.

Ni ma'aikacin gona ne a Dogon Dutsi, amma cibiyata tana binne a wani ƙauye kusa da Gesheme, kuma dawa ce ta kai ni ƙasar Turawa da furfura a gemu. A gidanmu akwai wata dawa da muke kira Ƴar-zane. Ƙwayarta fara ce da jajayen layuka siri-siri, kamar tsagar fuskar Ba'are, mutumin yankinmu, kuma ba ka samun ƙwaya biyu masu zane iri ɗaya. Tsofaffi suna cewa aljana Doguwa ce ta ratsa gonar kakarmu ta shafe ta da farce. Duk macen da ta haihu a zuriyarmu, kununta take fara sha. Mai riƙe da irin ita ce Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda ke shuka ƴan layukanta a bakin fadama kowace damina. Wata baturiya mai binciken tsirrai, Madam Odil, ta zo taro garinmu, ta ga zangarniya ɗaya rataye a ofishina, ta saki baki har ƙuda ya shiga ya zaga ya fito. Ita ta nemo mini gurbin koyon aiki na ƴan watanni a wurinsu, ta ce in taho da iri.

Gwaggo ta ƙulla mini shi a tsumma, cikin tafi biyu, ta ce, "Aro na, Nomau, ba kyauta ba." A wajenmu ba a sayar da irin gida, ba a kuma kyautar da shi. Aronsa ake yi. Wanda ya karɓa ya shuka, in kaka ta yi ya maido da zangarniya har da ƙari. Ba a faɗa wa mutum haka, ba a tuna masa, don tuni zagi ne.

Zangona na farko shi ne gidan da na kama tun ina gida. Wani mai zaƙin murya ne ya ba ni shi ta waya, ya turo hotuna, ya ce tagarsa tana kallon kogi, na tura masa kuɗin ajiya. Na ja akwatina har ƙofar, lamba ta yi daidai, titi ya yi daidai. Na tura ƙofa na yi sallama. Wurin wankan karnuka ne. Wallahi. Wani kare mai girman maraƙi yana tsaye bisa tebur, wata mata tana busar masa da gashi da inji, shi kuma yana lumshe ido kamar ango. Na nuna mata hoton ɗakina. Ta girgiza kai ta ce ba ni ne na farko ba. Karen ya dube ni, na dube shi, kuma a ranar duk wanda ya gan mu ya san wanda ya fi wani gata. Inda na kwana, ni da wani benci na tasha muka sani.

Washegari na tafi wurin aiki da akwatina a hannu. A bayan ginin akwai wani ɗaki babba na gilashi zalla, inda suke shuka tsirrai. Ina neman famfon da zan wanke fuska sai na ji an ce, "Salamu alaikum." Na waiga da sauri har wuyana ya yi ƙara. Wani dattijo ne ɗan Maroko, Larbi, shi ke kula da ɗakin gilashin. Ya dubi akwati, ya dubi rigata da ta yamutse, bai tambaye ni komai ba. Ya ce ɗansa ya yi aure ya bar ɗaki, in ina iya jure munsharin maƙwabci. Na ce ni ma ina da nawa, za mu yi gasa. A gidansa na zauna har na baro ƙasar.

Da na shiga wajen Madam Odil na kwance ƙullin Gwaggo, na miƙa mata duka. Ta zuba ƙwayoyin a faranti tana juya su da ɗan tsinke, tana magana da su a hankali. Sai ta kira ni da Mushe, wato Malam a Faransancinsu, ta ce, "Mushe Nomau, akwai saura da yawa a gida?"

To, mai ba da aro ba ya nuna wa mai karɓa cewa abin kaɗan ne, sai ka sa shi jin nauyi. Kuma ni bakina ba ya son ƙaramar magana. Na ce, "Madam, in muka buɗe rumbunanmu muka zazzage, sai an nemi cocin garin nan da sanda."

Ta yi dariya ta ce madalla. Ni kuma na fita ina tunanin inda gonarta take, don duk inda na duba siminti ne.

Ƴan kwanakin farko na yi su cikin mamaki kala-kala. Mutane ba sa gaisuwa, sai su ɗaga gira su wuce. Na tambayi wani lafiyar iyalinsa, ya tsaya yana tambayata wa ya gaya mini wani abu. A firijin wurin aiki kowa ya rubuta sunansa a kan abincinsa, har kan kwalbar nono. Na ɗauka sunan kamfani ne, na sha nonon wani mai suna Pol sau da yawa kafin ya zo ya gabatar mini da kansa.

Amma duk wannan wasa ne. Wata safiya na shiga ɗakin bincike na tarar da Madam Odil sanye da safar hannu, gabanta wani ɗan turmi fari kamar na dakan kwalli. Ta zuba wani ruwa a ciki, ruwan yana tafasa yana hayaƙi, amma don tsananin sanyi, ba don zafi ba. Ta kawo Ƴar-zane ta watsa a ciki, ta sa taɓarya ta murƙushe. Sauran kuwa ta riga ta jera su a jiƙaƙƙiyar takarda sun tsiro, ta riƙa tuge su ɗaya-ɗaya, saiwa da ganye, tana jefawa cikin hayaƙin suna ƙandarewa.

Na ce, "Innalillahi! Madam, iri ne fa!"

Ta ce, "Na sani. ADN ɗinsa muke nema. Sai an fasa ake samunsa."

Na zauna a kujera. Na lallashi kaina da cewa Gwaggo tana da nata, damina ta sauka a gida, in na koma zan sha faɗa na wata guda, shi ke nan.

A ranar ta bayyana mini abin da take nema. A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai wani zare, shi ne ADN, wasu su ce DNA. Kamar igiya yake mai tufka biyu, kuma a jikinsa an jera umarnin komai da haruffa huɗu kacal, ana ta maimaita su. Akwai wurin da ke ce wa dawa ki yi ja. A Ƴar-zane wani guntun zare, baƙo, ya zo ya zauna a tsakiyar wannan umarni, shi ya sa ƙwayar take fara. Amma baƙon ba ya zama. Tsalle yake yi, ya tashi daga nan ya faɗa can. Suna kiransa taranspozon, ni kuma na raɗa masa Ɗan-tsalle. Duk ƙwayar halittar da ya tashi daga cikin umarninta, ja ya dawo mata, ita da duk waɗanda za su fito daga gare ta, su jeru a layi. Layin nan shi ne zanen. Kowane zane sawun tsalle ɗaya ne.

Na ce, "Abu ba a ganinsa, yana shiga yana fita, yana canza wa hatsi kama, ba ya jin magana. Madam, Doguwa ce dai, kun canza mata suna."

Ta ce in Doguwa tana da haruffa, tana so ta karanta su.

Ana nan damina ta yi nisa a gida, sai ƙanena ya kira ni ya ce ga Gwaggo. Muryarta ta zo kamar tana bayan ƙofa.

"Nomau, kana lahiya? An ce can rana ba ta hwaɗuwa. To yaushe kuke barci, ko kun daina?"

"Lahiya lau, Gwaggo. Ina damana?"

"Damana ta yi muna wayo. Munka shibka, ta bushe. Munka sake, ta bushe. Na ukku ruwa yaz zo da hushi, hwadama ta cika ta tahi da komi. Ƴar-zane ko ƙwara guda ban da ita. Na tambayi duk wanda na taɓa ba aro, kowa nashi ya tahi. Amma ban damu ba, tunda akwai ta wurin baturiyarka. Gonatta ta yi kyau?"

Na dubi taga. Na ce, "Gwaggo, ta yi kyau. Har hayaƙi takai."

"To madalla. Ka san matar ƙanenka tana da ciki. Kada jinjiri shi zo mu rasa abin damawa."

Ban san lokacin da na hau matakala uku-uku ba, ni da nake hutawa tsakanin ɗaya da ɗaya. Na faɗa ofishin Madam Odil na ce mata duk duniya babu sauran Ƴar-zane. Ta ce, "Rumbunan fa?" Na ce rumbunan suna nan lafiya, gero ne a ciki. Fuskarta ta yi fari fiye da yadda Allah ya yi ta. Ta buɗe wani firiji mai numfashin ƙanƙara ta nuna mini ƴan kwalabe ƙanana kamar na turaren ɗan goma, da wani ɗigon ruwa a gindin kowace. Gadon kakarmu ke nan. Ana iya karanta shi, ba a iya shuka shi.

Larbi ne ya same ni zaune a bayan gini na riƙe kai. Da ya ji labari sai ya ja hannuna zuwa ƙuryar ɗakin gilashi, bayan wasu tumatir. Tukwane uku, kowace da ɗan tsiron dawa. Ya ce waɗannan sun makara wajen tsirowa, an ce ya zubar, shi kuma hannunsa ba ya iya jefa abu mai rai a shara. Na rungume shi har tabaransa ya faɗi. Matarsa ma ba na jin ta taɓa rungumarsa haka.

Daga nan ɗakin gilashi ya zama zangona. Dawar ta yi ta tsawo, ta wuce ni, ta wuce Larbi, ta fara neman rufi, amma ko alamar ciki babu. Dawarmu ba ta fid da kai sai ta ji dare ya fara tsawo, a can kuwa rana ba ta tafiya, in ta tafi ma fitilun ɗakin su karɓe ta. Madam Odil ta kawo wani baƙin yadi mai kauri. Kullum da la'asar ni da Larbi mu hau tsani mu lulluɓe su, da safe mu buɗe. Dattawa biyu suna yi wa dawa ƙaryar dare.

Ɗaya ta mutu, kuma ƙauna ce ta kashe ta. Ni ina ba ta ruwa da safe, Larbi ya ba ta da rana, Madam ta lallaɓo da yamma ta ƙara, kowa bai san ɗan'uwansa ya yi ba. Saiwarta ta ruɓe. Saura biyu.

Sai sanyi ya shigo. Ranar da a da ta ƙi tafiya yanzu ta ƙi zuwa. Takan leƙo da hantsi kamar mai neman wani, ta ga ba ya nan, ta koma. Na sa riga bisa riga har in na faɗi sai na mirgina. A gida lokacin tumu ne da ɗanyen wake, ƙanshin sabon gero a kowane zaure, ni kuwa ina cin burodi mai sanyi da wani cuku mai warin takalmin ɗan acaɓa. Matar Larbi ta lura ba na cin kirki, ta fara dafa mini wani fate na sha'ir da man zaitun. Ba fura ba ce, amma in ka rufe ido ka yi niyya, yana kai ka har Kore Mairuwa, garin da ke kan hanyar gida. Gida dai bai kai ni ba.

Dawa biyun suka yi ciki, suka fid da kai, muka sa wa kowace jakar takarda don kada wani abu ya taɓa su. Launi ba ya fitowa sai ƙwaya ta fara nuna, don haka muka jira. Ranar da muka buɗe ta farko mu uku muna tsaye. Larbi ya zare jakar.

Ja. Ja wur, daga sama har ƙasa, irin jar dawar da ake aunawa a kowace kasuwa. Ko ɗigon fari babu.

Na ji wani ihu a bayana, na ɗauka Madam ta taya ni baƙin ciki. Ashe murna take. Tana tafi, tana tsalle, tana cewa abin ya tashi tun tsiron yana jinjiri, shi ya sa duk jikinsa ya koma ja, kuma yanzu za ta iya gano inda ya sauka. Ni ina tsaye kamar wanda aka yi wa rasuwa, ana guɗa a gefensa.

Bayan ƴan kwanaki ta kira ni gaban kwamfuta. Ta nuna mini wurin umarnin ja: Ɗan-tsalle ba ya nan, sai ɗan tabo inda ya tashi. Ta gangara kaɗan a kan zaren, ta ce ga shi nan, bai yi nisa ba, galibi kusa suke sauka.

Na ce, "To tunda kusa ne, ki ce masa ya koma."

"Ba ya jin kira."

"Ki tura shi. Kuna da injin busar da kare, ba ku da na wannan?"

Ta yi murmushi, ta ce in zauna in ga yadda yake shiga, sai in gane. Ɗan-tsalle ba ya tafiya da ƙafarsa. Akwai wani sinadari da ke ɗaukarsa, taranspozaz. Yana kama bakinsa biyu, ya haɗa su wuri guda, ya yanke shi daga inda yake, ya fita da shi neman wuri. Na ce wannan ai ɗan kamasho ne, na tashar motar Dogon Kiriya. Ta ce ba ta san shi ba. Na ce mutum ne da zai dubi mota cike maƙil ya ce akwai wurin mutum uku.

Ta ce to haka. Kuma ba adireshi yake karantawa ba, kamar yadda na yi zato. Lalube yake. Yana taɓa zaren nan, ya taɓa can. Inda zaren yake naɗe tam, a ƙudundune, sai ya wuce. Inda yake a buɗe, ana aiki da shi, kuma yana da laushin lanƙwasuwa, nan yake tsayawa. Na ce ɗan kamasho ma ba ya cusa fasinja tsakanin manyan alhazai biyu, sai ya nemi inda ɗalibi ko mai kunya yake zaune.

Sai ta ɗauki igiyar cajin wayarta ta lanƙwasa ta da ƙarfi kamar gwiwar hannu. Ta ce in ya samu wurin sai ya danne zaren ya lanƙwasa shi haka, har tufkar biyu su buɗe baki. A nan bakin Ɗan-tsalle guda ya sari tufka ɗaya ya manne da ita, ɗaya bakin ya sari ɗaya tufkar, amma ba daidai wurin ba, ƴan haruffa gaba. Saran da mannewar lokaci guda ne, babu tazarar da mai gida zai ce a'a. Da yake saran a karkace yake, sai a bar ƴar kafa a dama, ƴar kafa a hagu, inda tufka ɗaya ce kawai. Kuma ba baƙon ke toshe su ba. Ƙwayar halittar da kanta take aiko masu gyara, su dubi tufkar da ta rage su kwafa, su cike.

Ta sa yatsa a allon. Haruffa uku a hagun Ɗan-tsalle, haruffa ukun nan dai a damansa. A da sau ɗaya suke. Ta ce da wannan ake gane shigarsa, ko bayan shekara nawa.

Na ce, "Tsaya, Madam. Ya fasa wa mutum katanga, ya shiga, sannan mai gida ya kwaɓa laka ya yaɓe masa gefe da gefe?"

"Haka ne."

"Kuma bai ce komai ba?"

"In bai yaɓe ba, zarensa ne zai tsinke."

Na daɗe ina kallon haruffan nan. Shekarata nawa ina koya wa manoma zaɓen iri, ban san cewa a cikin kowace ƙwaya ana irin wannan fashi da rana tsaka ba. Na sake tambayarta ko zai iya komawa cikin umarnin ja da kansa. Ta ce yana yiwuwa, wurin ya taɓa karɓarsa, amma kada in sa rai, zaren yana da tsawo kuma wuraren masu laushi suna da yawa. Wato dai wannan zangarniyar ta tashi daga Ƴar-zane, ita da jikokinta.

Saura ɗaya, kuma bizata ta kusa ƙarewa. Na riƙa zuwa ina tsayawa gaban karan nan ina yi wa Ɗan-tsalle nasiha. Na ce bawan Allah, yawo ba shi da daɗi, ka tambaye ni. Ka zauna inda kake.

Ranar buɗewa na ce Larbi ya zare, ni ba zan iya ba. Ya zare. Ja. Na zauna a ƙasa cikin laka da farar rigar aiki, na fara shirya kalmomin da zan gaya wa Gwaggo, kowace na ɗauko sai ta fi ta baya muni. Larbi bai saki zangarniyar ba. Ya juya ta a hankali, ya ce, "Ya Nomau, tashi." A bayanta, daga ƙasa, ƴan rassa sun fito fari da jan zane. Ba su kai cikin tafi ɗaya ba. A wannan tsiron Ɗan-tsalle ya makara bai tashi ba sai da kara ya girma, ɓangare guda ya tsira da shi.

Ina cikin hamdala sai na ji Madam Odil tana cewa wannan ya fi zinariya. Ja da zane a kai guda, uwa ɗaya, sai a niƙa wannan a niƙa wancan a kwatanta. Har ta fara neman almakashi.

Na miƙe na shiga tsakaninta da karan. Ni mutum ne mai wasa, amma ranar ko haƙorina ba ta gani ba. Na ce, "Madam, abin da na ba ki aro ne."

"Aro? Ba ka faɗa ba."

"Ba a faɗa."

"To yaya zan sani?"

"Kowa ya sani."

"Mushe Nomau, a nan in ka ba ɗakin bincike iri, ka ba shi ke nan. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in maido masa."

Muka tsaya muna kallon juna, kowa yana mamakin irin garin da ɗan'uwansa ya fito. Larbi ya ce tunda mai kayan tana da rai, a kira ta. Na kira ƙanena, ya kai wa Gwaggo waya, na buɗe murya. Wannan karon na gaya mata komai, har da turmin.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ta daka? Iri?"

"Ta daka, Gwaggo."

"Yunwa ta kai ta?"

"A'a, karatu takai da shi."

"Wane irin karatu na wanga da ba a yi sai an daka? Mi tag gani ciki?"

Na ce ta ga abin da ke yin zanen, wani abu ne mai tsalle, yana lanƙwasa wuri shi shiga.

"Wanga ai mun sani. Sai da ta daka min iri ta gane? Ba ta waya."

Na ce ba ta jin Hausa. Gwaggo ta ce, "Ba ta dai. Kai ka juya." Madam Odil ta matso kusa da wayar, hannuwanta a haɗe kamar ƴar lakwal, wato ƴar makaranta, gaban darakta.

"Gaya mata, ɗiyata, ban yi hushi ba, tunda ba a koya mata ba. Wanda yac ci aron iri bai maido ba, ba a kai shi ƙara, ba a zagin shi. Amma ranar da nashi ya ƙare ba ya da ƙofar da zai tsaya. Gaya mata ƙarin da aka sani na yahe mata. Uwar dai nika so."

Na juya mata da Faransanci, ban ƙara ko gishiri ba, wanda a rayuwata ban taɓa yi ba. Madam ta ajiye almakashi. Ta tambaya ko za a bar mata jajayen, da ƙaiƙayi da tsinken rassan masu zane, don su ma suna ɗauke da zaren, sun ishe ta. Gwaggo ta ce, "Ƙaiƙayi? Ta ɗauka. Ko tana da awaki?"

Madam da kanta ta yi ta zirga-zirga a ofishin lafiyar tsirrai har aka ba da izinin fita da ƙwayoyin. Larbi ya ɗinka musu ƴar jaka, na rataya a wuya ƙarƙashin riguna. A jirgi ko bayan gida na ƙi zuwa, kada in sunkuya.

Na ɗauka in na iso za a yi mini shimfiɗa a yanka zakara. Gwaggo ta zazzage jakar a faifai, ta kai kusa da ido, ta jujjuya, ta ce ba za ta jira damina da wannan ɗan abin ba, a shuka yanzu a lambu bakin rijiya, a samu iri kafin ruwa. Ta dube ni ta ce, "Kai ka ba ta ruwa." Haka na kwashe hutuna duka da ƙarshen kowane mako, mutum da takardar shaidar ƙasar Turawa, ina jan guga. Da ta fid da kai kuwa, ita kaɗai ce hatsi tsaye a duk ƙasar Arewa cikin rani, tsuntsaye suka aika wa danginsu har Argungu. Na yi ihu har muryata ta koma ta agwagwa. Jinjirin ƙanena ya riga ya zo, uwarsa ta sha kunun gero, Gwaggo ta ce bashi ne, za a rama mata.

Zangarniyun suka nuna, ƙanana, amma da zanensu. Gwaggo ta yanke su da hannunta, ta ɗaure, ta hau kan turmi ta rataye su a ƙuryar ɗakinta inda hayaƙi ke kaiwa, ta ƙi yarda in riƙe mata ko ƙafa. Da ta sauko na gyara murya na ce tunda damina ta kusa, ko za ta ba ni ɗan kaɗan in gwada a gonata ta Dogon Dutsi.

Ta kakkaɓe zanenta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai? Tahi ka zo da wanda zai tsaya maka."